Jan Farce a Kan Noti

Shekarar da maigidana ya tafi Libiya neman aiki, abin da ya bar mini shi ne yara uku, jaki mai taurin kai, da amalanke. Yaran da jakin babu wanda ya yi jayayya da ni a kansu, don su ci suke yi. Amalanken ne ya tsone wa mutane ido.

Ƙauyenmu yana ƙasar Maijirgi. Rijiyarmu tana da nisa, gonarmu ta fi ta nisa. Da amalanken nan nake ɗebo ruwa a bido, manyan jarkokin nan na roba, da shi nake kai taki gona kafin ruwa ya sauka, da shi nake kwaso damman hatsi da kaka. Ranar kasuwa kuma in ɗauki matan unguwa da kayansu, abin da suka ba ni shi ne cefanen gidana. Na san sarai abin da zan koma in aka raba ni da shi: mai tsayuwa da ƙwarya a bakin rumbun wan mijina, ina jira a auno mini. Na ga matan da suka koma haka. Ban raina su ba, amma na ƙudura a raina ba zan shiga sahunsu ba.

Wan mijin nawa, Yaya nake ce masa, kamar yadda ƙanensa ke ce masa. Ba mugu ba ne, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ya yarda cewa duk abin da ya lalace a duniya, rashin matsewa ne ya lalata shi. In ya ɗaure akuya sai ta yini tana tari. In ya rufe murfin bido sai an aika a kira shi ya buɗe. Nasa amalanken na shanu ya daɗe a jingine bayan danga, ƙafa ɗaya a cire, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, amma bai taɓa tambayar kansa me ya kashe shi ba. Tun satin da ƙanensa ya tafi ya fara cewa kayan ƙarfe ba na mace ba ne, a kawo ya adana.

A tsakiyar kowace ƙafar amalanke akwai babban noti guda, a bakin sandar ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kai. Bayansa akwai rulma, zoben nan mai 'yan ƙarafa a ciki da ake cika wa giris, ita ce ke sa ƙafa ta yi gudu sumul. Wannan noti ba a matse shi. Na sha ganin maigidana yana aikin, ina riƙe masa gwangwanin giris. Yakan murza da hannu har notin ya taɓa, ya juya ƙafar ya kasa kunne, sannan ya ɗan dawo da shi baya kaɗan. Notin yana da 'yan tsagogi a baki, sandar kuma tana da rami. Sai ya zura ƙusa ta tsaga ɗaya, ta bi ramin ta fita ta wancan gefe, ya lanƙwasa ta. Ƙusar ce ke hana notin warwarewa. Na taɓa tambayarsa don me ba zai matse ya huta ba, ya ce in an matse rulma ba ta samun numfashi, ƙonewa take yi. Ban ƙara tambaya ba, amma ban manta ba.

Wata rana na tafi suna a maƙwabta, Yaya ya shigo gidana wai duba amalanken ƙanensa. Ya girgiza ƙafar hagu, ya ji ɗan motsin nan da kusan sai mai nema ke jinsa, ya yanke hukuncin cewa ta kwance. Ya kawo kile, ƙarfen kwance noti, ya zura masa guntun bututun ƙarfe don ya ƙara tsawo, ya hau da ƙafa. Bai ma tsaya cire ƙusar ba. Notin ya yanke ta, guntunta ya maƙale a cikin ramin, shi kuwa ya ci gaba da matsa har ransa ya yi daɗi. Ya wanke hannu ya tafi, bai gaya wa kowa ba.

Washegari kasuwar Maijirgi ce. Na ɗauki mata da buhunan gyaɗa. Tun da muka fita na ga jakin yana ja da ƙyar, na ɗauka halinsa ne, har na yi masa baƙar magana. Can sai na ji ƙaurin giris. Na sauka na tofa yawu a tsakiyar ƙafar, ya yi cuu kamar a kan kaskon tuya. Kafin in san abin yi ƙafar ta kafe, ta daina juyawa, sai jan ƙasa take yi. Matan suka sauke kayansu suka ɗora a ka. Babu wadda ta zage ni, da ma sun zage ni da na fi samun sauƙi. Ɗaya ta ce, "Sannu, 'yar'uwa, aikin maza sai maza," ta wuce. Na zauna a bakin hanya na yi kuka, kuma ba kukan tausayin kai ba ne, takaici ne. Da na leƙa na ga babu ƙusa, ga sabon tabon kile a jikin noti, na san hannun wa ya taɓa shi.

Kafin in iso gida labari ya riga ni zuwa wurin Inna, mahaifiyarsu. Tsohuwa ce ƙarama, ba ta ɗaga murya, amma babu wanda ke tsallake maganarta a gidan. Na same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, Yaya na tsugune a gefe.

"Inna, na hwaɗa tun hwarko," in ji shi. "Abin ƙarhe ba na mata ba ne. Ga shi ta kashe mashi amalanke. Da ban matse ba ma, da ƙahwar hita za ta yi da mutane."

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata. Sannan na ce, "Inna, matsewar ce ta kashe shi. Ɗanki bai taɓa matse wanga noti ba."

"Ke kika san abin da ƙanena ke yi, ko ni?"

"Ni nike riƙe mashi giris, Yaya. Kai ba ka nan."

Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta har na ɗauka ba ta ji mu ba. Ɗiyarta da ke aure a Korgom tana da tsohon ciki a lokacin, kuma Inna ta riga ta tara itacen wankan jego da hatsin da za ta kai. Sai ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Ki gyara. In ta haihu, ke za ki kai ni suna da kayana. In mun tahi mun dawo, amalanke shina hannunki har mai shi ya zo. In ƙahwa ta hita, da ni za ta hita, sai ki ba yayanki."

Na sayar da akuyata, na hau kabu-kabu zuwa Tasawa da ƙonanniyar rulma a ƙullin zane, na sayo irinta. Wannan bai ba ni wuya ba. Wuyar tana wurin ƙusa. Maƙerin garinmu ya yi ta dukan guntun da ya maƙale a ramin, ya ƙi fita, ya zama ɗaya da sandar. Ya ce sai dai a kwance sandar gaba ɗaya a kai wa masu walda su huda sabon rami, wannan kuwa aikin maza ne da wani amalanken, wato sai na je na roƙi Yaya. Na ce na gode.

Sai na tsaya tsakanin abu biyu. In na matse, rulma ta ƙone. In na bar shi yadda ya kamata, babu abin da zai riƙe shi. Na gwada. Zuwa rijiya da dawowa kawai, notin ya yi baya har ina iya murza shi da yatsa biyu. Na naɗe bakin sandar da yankin roba, giris ya sa ta sulɓe. Na ɗaure da waya, ta tsinke. Na koma ina tafiya ina tsayawa, in sauka in murza, in hau, in sake sauka, mutane a bakin hanya suna kallo. Masu zaman dakali suka samu abin hira. Wani ya ɗaga murya ya tambaye ni ko ƙafar ce ke jan jakin. Na murza notina na hau na wuce. Ana cikin haka aka aiko cewa an haihu a Korgom.

Amsar tana wurin da nake zuwa tun ina yarinya, ban taɓa kallonta da idon nema ba. Na kai niƙa, ina tsaye a layi da kwanona. Mai injin dattijo ne, ƙarar injin ta cinye masa kunne. A gaban injin akwai wani dogon ƙarfe da yake murzawa don gari ya yi laushi ko ya yi tsaki. Shi ma ba a matse shi, in an matse faya-fayan niƙan da ke ciki su ci juna. Kuma babu abin da ke girgiza a ƙauyenmu kamar injin nan, har haƙoran mai jira rawa suke yi. Amma ƙarfen ba ya motsi daga inda aka bar shi. Na zuba ido. Wata mata ta ce a ƙara mata laushi, dattijon ya sassauta wani noti, ya murza ƙarfen kaɗan, ya riƙe shi, ya mayar da notin ya matse shi da ƙarfi a jikin na bayansa. Noti biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Ƙarfin duk yana tsakaninsu, bai taɓa faifan ba.

Na fita daga layi na kai bakina kunnensa. "Baba! Wanga na biyun, aikin mi shike?"

"Na ce ki jira layinki!"

Na nuna masa da hannu. Ya kashe injin, matan layi suka hau tsaki. Da ya gane abin da nake tambaya sai ya yi dariya, ya ce na farkon shi ke aiki, na biyun tsare shi kawai yake yi. Na ce ya ara mini babban kilensa zuwa yamma. Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, ya ce in dawo da shi kafin la'asar, in kuma na ɓatar kada in sake kawo masa niƙa.

Maƙeri yana da tsohon noti mai girman nawa a cikin tarkacensa. Wurin da ya rage a bakin sandar kaɗan ne, don haka ya yanke mini shi da zarto ya zama siriri, yana yi yana girgiza kai. Na dawo gida na tura turmi ƙarƙashin amalanken ƙafar ta tashi daga ƙasa. Na cika rulma da giris. Na murza notin farko da hannu har ya taɓa, na juya ƙafar na kasa kunne, na ɗan dawo da shi. Na riƙe shi da kilen maigidana. Na sa na biyun, na kama shi da kilen mai inji, na matse shi a jikin na farkon. Duk haushin da na tara tun ranar kasuwar Maijirgi, a kan notin nan na sauke shi. Da na juya ƙafar ta yi ta gudu ita kaɗai, shiru, har na gaji da jira ta tsaya.

Saura yadda zan san bai motsa ba, ba tare da na taɓa shi ba. A cikin kwallata akwai kwalbar jan farce da maigidana ya sayo mini da zai tafi, don tsokana. Ban taɓa shafawa ba, tunda ba ya barin ruwan alwala ya taɓa farce. Na goge notin da tsumma da ɗan isans, wato fetur, na ja layi guda ja, daga bakin sandar ya ratsa noti biyun. Muddin layin yana miƙe, babu abin da ya juya.

Ranar tafiya, da hantsi, mun gama lodin itace da hatsi, Inna ta hau ta zauna a kan buhu, sai ga Yaya da kilensa da bututunsa, da maza uku na dakali a bayansa. Ya kama ƙafar hagu da hannu biyu ya girgiza da dukan ƙarfinsa.

"Kun ji ko? Tana motsi! Da wagga ƙahwa za a ɗauki uwata?"

Mazan suka girgiza ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce lalle akwai motsi. Ɗaya ya ga jan layin ya fashe da dariya, ya ce har kwalliya aka yi wa amarya. Yaya ya tsuguna zai sa kile.

Ban san lokacin da na shiga tsakaninsa da ƙafar ba. Na jingina bayana da ita na tsaya. Ban taɓa tsayawa a gaban babban namiji haka ba. Amma bakina bai yi rawa ba.

"Yaya, kai babba ne, kuma ina ganin girmanka. Amma wanga noti ba za ka taɓa shi ba."

"Ke! Kauce."

"Ba ni kaucewa. Ka matse na hwarko ya ƙone, na saida akuyata. Ka matse naka, ga shi can kaji na ƙwai ƙarƙashi. In kana son sa kile a nan, sai ka hwara ɗauke ni, mutane su gani."

Maganar kajin ta yi masa zafi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, kuma ban yi nadamar faɗarta ba. Ya ɗaga kai ya dubi Inna, yana jiran ta tsawata mini. Inna ta gyara lulluɓinta ta ce, "Rana na yi. In za a tahi a tahi."

Hanyar Korgom ba ta ragawa amalanke. Inda ba yashi akwai ramuka, inda ba ramuka akwai sawun shanu da ya bushe ya yi tauri. Itacen yana ta ƙara a bayanmu. Da farko nakan tsaya jim kaɗan in sauka, in duba layin, in ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙafar. Layin a miƙe, ƙarfen da ɗan ɗumi kawai. Inna tana ta jan carbinta. Da muka tsaya shayar da jaki a wata rijiyar makiyaya, sai na ga ta sauko da kanta, ta zagaya, ta sunkuya ta ɗora hannunta inda nake ɗorawa. Ta daɗe tana duban jan layin.

"Wa ya koya maki?"

"Injin niƙa, Inna."

"Shekara nawa ina kai niƙa," in ji ta, "ban taɓa kallo ba." Ta miƙo hannu na taimaka mata ta hau. Daga nan na rage tsayawa.

Mun ci suna, mun dawo da kayan da aka ba Inna. A ƙofar gida Yaya yana jira. Bai gaishe ni ba, ƙafar ya nufa. Ya leƙa ya ga layin yadda ya bar shi, ya miƙe ya ce Allah ne ya tsare. Na ce haka ne, Yaya, kuma gobe ma Shi zai tsare. Inna ta ce a kai amalanken gidana. Har yau Yaya bai yarda cewa matsewa ce ta ƙone rulmar nan ba, ni kuma na daina neman ya yarda.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Duk lokacin da na buɗe ƙafar na sa giris, sai in goge tsohon layi in ja sabo. Ƙafar dama ma da ƙusarta ta cinye, noti biyu na sa mata. Na sayi kilena na biyu, na daina aro. Matan unguwa suka dawo hawa, har da mai cewa aikin maza sai maza, kuma ban tuna mata ba sai sau ɗaya.

Maigidana ya dawo a rame, da jaka guda a kafaɗa. Na yi murnar da ban san ina da ita a cikina ba. Washegari da safe ina ɗaura wa jaki amalanke, sai ga Yaya ya zo gaisuwa. Bayan sun gaisa ya nuna amalanken da haɓa ya ce, "To, mai abu ya dawo. Sai a maida mashi abinshi."

Maigidana ya nufi amalanken. Ya zagaya ya tsuguna a ƙafar hagu, inda ya saba tsugunawa. Ya girgiza ta a hankali. Ya shafa noti biyun, ya bi jan layin da yatsa.

"Ina ƙusata?"

"Tambayi Yaya," na ce.

Bai tambaya ba. Sai ya miƙo hannu baya, bai waiwayo ba, kamar yadda yake yi a da in yana son in ba shi kile. Kilen biyu suna nan a ƙarƙashin buhun da nake zama a kai. Wallahi hannuna ya so ya tafi da kansa. Mutumin nan na yi kewarsa har na rame, kuma ban so ya ji kunya a gaban wansa ba. Amma na tuna zaman da na yi a bakin hanyar Maijirgi, na tuna akuyata, na riƙe hannuna.

"Na duba jiya," na ce. "Bai motsa ba."

Hannunsa ya ɗan jima a miƙe. Yaya ya yi gyaran murya. Sai maigidana ya janye hannun, ya goge shi a wandonsa, ya tashi tsaye ya dube ni, kallon da bai yi mini ba tun da ya sauka.

"Ina za mu yau?"

"Rijiya."

Ya kwashi bidon ya jera a baya, ya hau ya zauna a tsakiyarsu, ƙafafunsa na lilo. Na hau gaba na ɗauki sandata. Jakin ya yi taurin kansa na kullum, na yi masa magana ya ja, muka fita ta gaban Yaya.